Tattara Hankali Bayan Rashi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Alhini

Wannan shafi na wanda ya rasa wani nasa ne, ko kwanan nan ko shekaru da suka wuce, kuma yake neman hanyar da zai riƙe kansa idan alhini ya taso masa. Mun yi magana da "ka" don sauƙin karatu, amma mace da namiji duka muke nufi.

Mene ne tattara hankali, kuma me ya haɗa shi da rashi?

Tattara hankali shi ne mutum ya dawo da hankalinsa, da gangan, kan abin da ke faruwa da shi a wannan lokacin: numfashinsa, nauyin da ke ƙirjinsa, ƙarar da kunnensa ke ji, tunanin da ya gifta masa. Ya lura da su, ba tare da ya yanke wa kansa hukunci a kansu ba.

Mai alhini kusan kullum hankalinsa na ɗaya daga cikin wurare biyu. Ko dai yana baya, yana maimaita ranar rasuwar, da jinyar, da maganar ƙarshe. Ko kuma yana gaba, yana lissafin yadda rayuwa za ta yiwu babu mamacin. Baƙin cikin rashin shi kansa nauyi ne guda. Saƙa da warwarar da zuciya ke yi a kansa dare da rana nauyi ne na biyu, kuma sau da yawa na biyun ne ke hana barci da cin abinci. A kan nauyi na biyun ne tattara hankali ke aiki.

Hanyar ta samo asali daga tsofaffin dabarun natsuwa na mabiya addinin Buddha. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya cire mata rigar addini, ya tsara ta a matsayin horon rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, da farko don masu fama da ciwo mai naci. Horon, wanda aka fi sani da MBSR, na mako 8 ne: zama ɗaya a mako na kusan awa biyu da rabi, aikin gida na minti 45 kullum, da wuni guda na musamman. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa shi da dabarun gyaran tunani don hana ciwon damuwa dawowa ga waɗanda suka taɓa yin sa.

Zai cire mini baƙin cikin?

A'a. Duk wanda ya yi maka alkawarin haka, kada ka saurare shi. Alhini amsar zuciya ce ga rabuwa da wanda take so, kuma ba cuta ba ce da za a sha mata magani ta tafi.

Abin da hanyar ke yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gaske ne. Tana koya maka ka gane guguwar tun tana nesa, ka zauna da ita gwargwadon abin da za ka iya ɗauka, sannan ka koma ga hidimar ranarka. Binciken da aka yi kan amfaninta wajen rage damuwa da fargaba yana da yawa. Wanda aka yi kan masu alhini kai tsaye bai kai wannan yawan ba, don haka a ɗauke ta a matsayin sandar dogarawa, tare da mutanen da ke kewaye da kai da kuma likita idan buƙata ta taso.

Me ya sa jikina ke ciwo, alhali zuciyata ce aka taɓa?

Saboda jiki na ɗaukar babban rashi a matsayin haɗari. Yana sakin sinadaran shirin ko-ta-kwana, adirenalin da kotisol. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta ya koma saman ƙirji, tsokar wuya da kafaɗa su ɗaure, narkewar abinci ta ja baya. Daga nan ne shaƙewar maƙogwaro ke fitowa, da faɗuwar gaba, da ciwon kai, da gajiyar da barci ba ya kawarwa, da mantuwa har mutum ya shiga ɗaki ya rasa abin da ya kawo shi.

A nan numfashi ke da rawar takawa. Akwai wata doguwar jijiya, wadda likitoci ke kira bagus, da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka zuwa zuciya da huhu da hanji. Ita ce birkin jiki. Duk lokacin da ka fitar da iska, bugun zuciyarka na ɗan raguwa. Idan ka tsawaita fitar da iskar fiye da shaƙarta, kana taka wannan birkin ne.

Gargaɗi ɗaya da ba ma so ka tsallake: ba kowane ciwon ƙirji ne na alhini kawai ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya gano cewa haɗarin toshewar jijiyar jinin zuciya na ninkuwa kusan sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan rasuwar makusanci. Akwai kuma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, mai suna takotsubo, inda tsananin kaɗuwa ke raunana tsokar zuciya, kuma ya fi kama mata da suka manyanta. Idan ciwon ƙirji ya zo da gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya harba zuwa hannu ko muƙamuƙi, asibiti za a nufa nan take, ba zaman natsuwa ba.

Yaushe ya kamata in fara?

A kwanakin farko kada ka ɗora wa kanka wani tsari. Ruwa, abinci ko da kaɗan ne, kwanciya, da kusantar mutane sun wadatar. Idan kana son wani abu, ka tsaya kan numfashi uku a hankali sau biyu ko uku a rana. Zama na sosai ya jira har sai kaɗuwar farko ta lafa, ka fara jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafarka. Ga wani mako biyu ne, ga wani wata biyu.

Ta yaya zan yi zaman farko?

Ka ware minti 5, ba fiye ba. Ka saita agogo ya buga idan lokacin ya cika, domin in ba haka ba rabin hankalinka zai tafi wajen duba lokaci. Ka zaɓi lokacin da ka fi samun ƙarfi a rana. Ga mafi yawan masu alhini dare ne mafi wuya, don haka safiya ko hantsi ya fi dacewa da mai koyo.

Zauna a kujera ko a ƙasa, baya a miƙe amma ba a sandare ba. Tafin ƙafa biyu su taɓa ƙasa idan a kujera kake. Ka bar idonka a buɗe kaɗan, ka sauke kallonka kan wani wuri a ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Rufe ido gaba ɗaya yakan buɗe ƙofar hotunan jinya da na gawa, don haka a bar shi sai an saba.

Minti na farko na jin jiki ne kawai: inda cinya ta haɗu da kujera, inda ƙafa ta haɗu da ƙasa, sanyi ko ɗumin iska a fata.

Sannan ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar a hankali kana ƙirga 6. Ka yi haka sau 6. Wannan minti guda ke nan, kuma ya sauko da kai zuwa numfashi 6 a minti, alhali babban mutum a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Ɗora hannu ɗaya a ciki. Cikin ne ya kamata ya riƙa tasowa, ba kafaɗa ba.

Bayan haka ka daina ƙirga, ka bar numfashin ya tafi da kansa, kai kuma kana bin sa da hankali a wuri ɗaya, ko bakin hanci ko ciki. Tunani zai zo. Idan ka farga hankalinka ya tafi, ka ce a ranka "tunani", ko "tunawa", ko "tsoro", kalma ɗaya tak, ka dawo.

Idan agogo ya buga kada ka zabura. Motsa yatsu, ɗaga kai, dubi ɗakin, ka tashi.

Ka yi minti 5 kullum na tsawon mako guda ko biyu. Idan ya zauna maka, ka ƙara zuwa 10, daga baya 15. Minti 45 na horon asali an tsara shi ne da malami a kusa, kuma mai sabon rashi da ya fara da shi shi kaɗai yakan ƙare da jin tsoron zaman. Minti 5 na kullum ya fi minti 40 na sau ɗaya a mako amfani, domin abin da ake ginawa sabo ne.

Hankalina ba ya tsayawa ko na daƙiƙa 10. Na kasa ke nan?

Ba ka kasa ba. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne zaton cewa manufar ita ce kai ya zama wayam. Ba a taɓa yin ƙwaƙwalwar da ta daina kawo tunani ba, balle ta mai alhini. Aikin shi ne fargar da dawowar. Wanda hankalinsa ya tafi sau 50 ya dawo da shi sau 50, ya yi atisaye sau 50.

Abin da ke ɓata zaman shi ne faɗan da mutum ke yi wa kansa bayan ya farga. Ka dawo da hankalinka yadda za ka riƙo hannun ƙaramin yaro da ya kauce hanya.

Da na mai da hankali kan numfashi sai in ji kamar zan shiɗe. Me ke faruwa?

Wannan na faruwa sosai, musamman ga wanda ya ga mamacin yana fama da numfashi a ƙarshen jinya, ko mai saurin firgita tun da. Numfashin kansa ya zama abin tunawa da mutuwa. Wani kuma garin ƙoƙarin "numfashi mai zurfi" yakan yi ta zuƙar iska da sauri, ya fitar da iskar kabon fiye da kima daga jini, sai jiri da tsikarin yatsu da na leɓe su biyo baya, ya ƙara tsorata.

Ka bar numfashin. Ba dole ba ne. Ka mai da hankalinka kan abin da ke wajen ƙirji: tafin ƙafa a ƙasa, ko sautuka na nesa da na kusa, ko wani abu mai sanyi da ka riƙe a hannu.

Ko ka tashi ka yi tafiya. Zaɓi wuri mai tsawon taku 10 zuwa 15, ka riƙa zuwa kana dawowa a hankali fiye da yadda ka saba, kana jin ɗagawar ƙafa, wucewarta, da saukarta. Ga mutumin da jikinsa ke cike da zullumi, tafiya ta fi zama sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan duk da haka zaman na jefa ka cikin hotuna masu firgitarwa, ko kana jin kamar ka fita daga jikinka, ko duniya ta zama kamar mafarki, ka tsaya. Masu bincike irin su Willoughby Britton ta Jami'ar Brown sun nuna cewa irin wannan horo na iya tayar wa wasu mutane hankali, musamman masu tsohon tabon firgici. Wanda ya rasa nasa ta haɗari, ko kisa, ko wanda nasa ya kashe kansa, ya fi dacewa ya yi wannan aiki tare da ƙwararre.

Idan kuka ya zo mini ana tsakar zaman fa?

Ka yi kukan. Yana cikin zaman. Abin da za ka ƙara kawai shi ne lura: ɗumin hawaye a kumatu, matsewar maƙogwaro, girgizar kafaɗa. Lurar ce ke sa wani ɓangarenka ya kasance a tsaye yana kallo, maimakon dukkanka ya nutse.

Akwai ma'auni mai amfani. Ka auna zafin abin da kake ji daga 0 zuwa 10. Har zuwa 6 ko 7, za ka iya zama da shi. Idan ya haura haka, har ka daina sanin inda kake, ka buɗe ido sosai, ka tashi tsaye, ka sha ruwa, ka kira wani. Janyewa a irin wannan lokaci hikima ce.

Masana biyu a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa lafiyayyen alhini kai-komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma hutawa daga gare shi ta hanyar hidimomin rayuwa. Wanda ya yi dariya da rana ya yi kuka da dare bai ci amanar kowa ba. Haka abin yake tafiya.

Alhini kan taso mini ba zato, a wurin aiki ko a hanya. Me zan yi a cikin minti ɗaya?

Wani ƙamshi, ko murya, ko wata riga da ka hango jikin baƙo, sun isa. A irin wannan hali ga abin yi, a jere.

Ka tsaya, ka danna tafin ƙafarka a ƙasa. Idan tuƙi kake, ka faka tukuna. Fitar da iska sau ɗaya a hankali har ta ƙare. Ka ambaci abin da ke faruwa a ranka da kalmomi kaɗan: "Wannan kewa ce." A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka nuna ta hoton ƙwaƙwalwa cewa sanya wa motsin rai suna na rage tashin amigdala, sashen da ke buga ƙararrawar haɗari.

Daga nan ka lissafa abubuwa 5 da idonka ke gani, 4 da jikinka ke taɓawa, 3 da kunnenka ke ji, 2 da hancinka ke shaƙa, 1 da harshenka ke ɗanɗana. Ka faɗe su dalla-dalla, kamar "ƙofa mai launin ƙasa da tsaga a gefenta". Yin sa da gaggawa kamar karatun hadda shi ke sa mutane su ce dabarar ba ta aiki.

A ƙarshe ka yi wa kanka alkawarin lokaci: "Zan zauna da wannan da yamma." Kuma ka cika. Alhinin da ake ta ɗagewa ba a taɓa ba shi lokaci ba, da tsakar dare yake zuwa karɓar bashinsa.

"Da na sani" ta hana ni sukuni. Ina ganin kamar da laifina a mutuwar.

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma kusan babu mai alhinin da ya kuɓuce mata. Da na kai shi asibiti da wuri. Da na ɗauki wayar. Da ban faɗi waccan maganar ba.

Ka fara da fahimtar yadda zuciya ke yaudarar kanta a nan. Kana yi wa mutumin da kake a wancan lokaci shari'a da ilimin da sai bayan rasuwar ka samu. A ranar, ciwon kan ciwon kai ne kawai, kiran wayar kira ne kamar sauran. Sannan akwai wani abu a ɓoye: zuciya ta gwammace ta ɗauki laifi a kan ta yarda cewa ba ta da iko a kan lamarin, domin laifi aƙalla yana nuna cewa da akwai abin yi.

Jayayya da tunanin ba ta cika kashe shi ba. Duk hujjar da ka kawo, zai kawo wata. Abin da ya fi aiki shi ne ka sauya matsayinka a kansa. Maimakon "ni na jawo", ka ce "ga tunanin nan na cewa ni na jawo ya dawo". Kalmomin sun yi kama, amma na biyun ya sa tazara tsakaninka da maganar. Sannan ka sauko daga kai zuwa jiki. A ina laifin yake zaune? Ciki ne ya ƙulle, ko ƙirji ne ke zafi? Faɗinsa nawa? Yana motsi? Ka zauna da wannan na numfashi 10. Labari na iya juyawa a kai na awa uku, amma abin da jiki ke ji yakan sauya kama cikin mintuna idan aka sa masa ido.

Bayan haka sai tausayin kai. Kristin Neff, mai bincike a Jami'ar Texas, ta kasa shi gida uku: yarda cewa ana cikin wahala, tuna cewa sauran 'yan Adam ma na shan irinta, da yi wa kai magana mai laushi. A aikace, ka ɗora hannu a ƙirji, ka tambayi kanka: da amininka ne ya zo maka da wannan labarin, me za ka ce masa? Ka faɗa wa kanka wannan ɗin, da irin muryar da za ka faɗa masa.

Wani lokaci da gaske akwai abin da aka yi ba daidai ba, ko maganar da ba a janye ba. Ba ma cewa ka ƙaryata shi. Ka rubuta wa mamacin wasiƙa, ka faɗi abin da ya faru, da abin da kake nadama, da abin da kake so ya sani. Ka ware mata minti 15 zuwa 20, ka ajiye alƙalami idan lokacin ya cika, ka yi numfashi 6 ɗin nan kafin ka koma cikin mutane.

Idan tunanin ya zama na kullum, ka ba shi lokacinsa na musamman, minti 15 a rana, wanda bai kusa lokacin kwanciya ba. In ya zo a wani lokaci dabam, ka rubuta shi a takarda da layi ɗaya, ka ce masa sai an jima.

Ba na samun barci. Akwai abin da zai taimaka?

Bin jiki da hankali ya fi bin numfashi amfani da dare. Kwanta rigingine, ka fara daga yatsun ƙafa, ka ba kowane sashe numfashi biyu ko uku: tafin ƙafa, idon sawu, ƙwauri, gwiwa, cinya, ƙugu, ciki, hannuwa, kafaɗa, wuya, muƙamuƙi, goshi. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 15. Idan ƙirji ne matattarar raɗaɗin, ka tsallake shi a farko. Kada ka yi shi da nufin tilasta barci, domin sa ido a kan ko barci ya zo shi ke korar sa.

In ka kai kamar minti 20 ido biyu, ka tashi daga gadon, ka zauna a wani wuri da haske kaɗan, ka koma sai gyangyaɗi ya zo. Dalili shi ne kada ƙwaƙwalwa ta koyi haɗa gado da tufka da warwara. Ka riƙe lokacin tashi ɗaya kowace safiya ko da daren ya yi muni. Abin sha mai sinadarin kafeyin, kamar kofi da shayi, a daina shi tun da rana, domin rabinsa na nan a jini bayan kimanin awa 5. Barasa na sa barci da wuri amma tana yayyanka shi a rabin dare na biyu. Maganin barci kuma sai da likita, na ɗan lokaci.

An ce alhini mataki biyar ne. Ni ban bi su a jere ba.

Ba sai ka bi ba. Wata likita, Elisabeth Kübler-Ross, ta kawo matakan a 1969, wato musantawa, fushi, neman sassauci, ƙuncin rai da sallamawa, daga hirarrakinta da marasa lafiyar da ke dab da mutuwa, ba da waɗanda aka mutu aka bari ba. Binciken baya bai tabbatar da cewa kowa na bin su ɗaya bayan ɗaya ba. George Bonanno na Jami'ar Columbia da ke Amurka ya nuna cewa mutane da yawa na ci gaba da gudanar da rayuwarsu duk da zafin rashin, kuma hakan ba alamar rashin so ba ne. Ka lura da abin da kake ji yau, ko da bai dace da wani jadawali ba.

Ina jin muryarsa wani lokaci, ko in ji kamar yana ɗakin. Kuma ina tsoron in na samu sauƙi zan manta da shi.

Jin kusancin mamaci abu ne sananne. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya wallafa bincike a 1971 kan mata da mazan da abokan zamansu suka rasu, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin haka, kuma akasarinsu sun ce yana kwantar musu da hankali. In ba ya firgita ka ko umartar ka da wani abu, ba alamar taɓin hankali ba ne.

Game da mantuwa, masana sun bar tsohon ra'ayin cewa warkewa na nufin yanke alaƙa da mamaci. Dangantakar na ci gaba da wata siffa. Za ka iya yin zaman tunawa da gangan: ɗauki hotonsa ko wani abin hannunsa, ka ba shi minti 10, ka tuna wata rana guda mai daɗi dalla-dalla, ka lura da yadda daɗi da zafi ke zuwa tare. Ranakun da ka san za su yi nauyi, kamar zagayowar ranar rasuwa, ka shirya musu tun da wuri: wa zai kasance tare da kai, me za ka rage daga ayyukan ranar.

Wannan bai saɓa wa addinina ba?

Yadda ake koyar da shi a asibitoci babu bauta a cikinsa, babu abin da ake kira, babu aƙidar da ake nema ka ɗauka. Horon hankali ne, kamar yadda motsa jiki yake horon tsoka. Masu ibada da yawa na ganin cewa minti biyu na natsuwa kafin addu'a na taimaka musu su san abin da bakinsu ke faɗa. In wani salo ya zo da kalmomi ko siffar da ranka bai kwanta da su ba, ka bar shi, ka riƙe numfashi da tafiya da bin jiki.

Yara fa?

Da gajarta, kuma da wasa. Yaro ya kwanta, a ɗora masa ɗan abin wasa a ciki, ya kalli hawansa da saukarsa sau 5. Ko ya bi yatsun hannunsa biyar da ɗan yatsan ɗaya hannun, hawa shaƙa, sauka fitarwa. Minti ɗaya ko biyu ya isa. A gaya masa gaskiya da kalmar "ya rasu". Cewa "ya yi barci" ko "ya yi tafiya" na sa yaro tsoron kwanciya ko zaman jiran dawowa.

Yaushe zan san abin ya wuce ƙarfin wannan hanya?

Idan kana tunanin kashe kanka, ko bin mamacin, ko ka fara tsara yadda za ka yi, ka faɗa wa wani yau, ka je asibiti mafi kusa ko ka kira lambar agajin gaggawa ta inda kake. Kada ka zauna kai kaɗai, kuma a nisanta ka da duk abin da za ka iya cutar da kanka da shi.

Ka ga likita kuma idan kwanaki suna wucewa ba ka iya ci ko sha, ko makonni ba barci, ko ka fara dogara da barasa ko ƙwaya don ka kai dare, ko hotunan mutuwar na dawo maka kamar yanzu take faruwa.

Akwai kuma abin da likitoci ke kira alhini mai tsawaitawa: begen mamaci mai tsanani kusan kullum, kasa yarda da rasuwar, jin rayuwa ba ta da ma'ana, har aiki da zumunci su tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, da sharaɗin ya wuce aƙalla wata 6. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a nata kundin a shekarar, da sharaɗin wata 12 ga manya, wata 6 ga yara. Kaɗan ne daga cikin masu alhini ke faɗawa cikinsa, kuma yana da magani. Tsarin da likitar ƙwaƙwalwa Katherine Shear ta samar na zama 16 da ƙwararre na daga cikin waɗanda gwaji ya nuna suna aiki.

Ta yaya zan gane hanyar na yi mini amfani?

Kada ka auna da yadda zaman ya yi daɗi, domin zaman da aka yi kuka a cikinsa ma ya yi aikinsa. Ka auna da sauran ranar. Ka riƙe ɗan littafi, kowace yamma ka rubuta layi ɗaya: mintunan da ka yi, awannin barci, da zafin ranar daga 0 zuwa 10. Bayan mako 4 zuwa 6 ka duba baya. Alamun da ake nema ƙanana ne: ka farga da saƙar zuci bayan minti 10 maimakon awa guda, guguwa ta zo ta wuce ka koma aikinka, ka ji ɗanɗanon abin da ka ci, ka iya ambaton sunan mamacin har ƙarshen jimla.

Idan bayan mako 6 na yi kullum babu abin da ya motsa, ko abin ya ƙara tsananta, ka sauya salo, daga zama zuwa tafiya, ko daga yi kai kaɗai zuwa yi cikin rukuni da malami, kuma ka kai wa likita ɗan littafin nan ya duba.